Tarwaɗa ko Karfasa? Abin da Kasuwa da Tukunya Suka Koya Mini

Idan aka ajiye kifin ƙanƙara da ake shigo mana da shi daga teku, irin su sukumbiya da shawa, kifi biyu ne suka mamaye teburan masu sayarwa a Arewa: tarwaɗa da karfasa. Dukansu farin nama gare su, dukansu 'yan ruwan daɗi ne, kuma kowacce tana da magoya bayan da ba sa jin kira. Ni a gefen kogin Haɗeja na tashi, inda karfasa take cimar yau da gobe. Aiki ya kawo ni Kano, na auri 'yar birni wadda in an ce kifi tarwaɗa kawai take nufi, daga baya kuma na gina ɗan tankin siminti a kangon da ke jikin gidanmu na shiga kiwo. Ta haka na san kifayen nan biyu a matsayin mai ci, da mai cefane, da mai sayen buhun abincinsu.

Maganar daɗi ita ta fi jawo musu, kuma ita ce ba ta da alƙali. Naman karfasa sassauƙa ne, ba shi da ƙarni sosai, ba shi da maiƙo, duk yajin da aka shafa masa sai ya ɗauka. Shi ya sa ba ta da na biyu a gashi da suya. A kankare ɓawon, a tsattsaga gefe da gefe, a cusa citta da tafarnuwa da attaruhu, a ɗora a kan garwashin da ya huce. Amma rashin maiƙon nan shi ne rauninta: mai gashi ya juya baya ya amsa waya, ya dawo ya tarar ta bushe. Tarwaɗa kuwa 'yar romo ce. Kitsen da ke jikinta shi ke ba farfesu nauyi, kuma tana da dokokinta. Sai an murje yauƙin da toka ko gishiri da lemun tsami, an kwara mata ruwan zafi har fatar ta yi fari-fari, an kankare, sannan ta shiga tukunya. Daga nan ba a sa mata ludayi. Maiɗakina kunnuwan tukunyar take kamawa ta girgiza a hankali, domin in aka juya, naman ya dagargaje ke nan. Idan aka zo ga banda ma tarwaɗa ce a gaba. Waccan da ake lanƙwasawa a soke wutsiya da kai da tsinke, hayaƙi ya ratsa ta, ba abin da ya kai ta a miyar kuka ko busasshiyar kuɓewa. Bandar karfasa ana yi, amma ƙaya ta fi nama yawa.

Ƙayar nan ba ƙaramar magana ba ce a gidan da ke da yara. Tarwaɗa ƙashin tsakiya gare ta, a zare shi a miƙa wa yaro tsoka hankali kwance. Karfasa kuwa sai babba ya zauna ya tsince da yatsa, kuma duk tsincewarsa sai wata siririya ta ɓuya.

Mahaifiyata ta daɗe ba ta cin tarwaɗar kiwo. Ta ce warin laka take yi, kuma ba ƙarya ta yi ba. Sai dai warin ba na jinsin kifin ba ne, na ruwan da ya zauna a ciki ne. Idan ruwa ya daɗe ba a canza shi ba, gansakuka da wasu ƙwayoyin halitta sukan saki wani sinadari mai warin jiƙaƙƙiyar ƙasa, shi kuma ya shige cikin kitsen kifin. Karfasar da ta fito daga kududdufin da ya tsaya ita ma haka take yi. Maganinsa ba wuya: a kwashe kifin da za a ci a zuba a ruwa mai tsabta, a hana shi abinci na 'yan kwanaki. Haka na yi da ta zo mana ziyara wata damina. Ta ci, ta tsotse kan, ta ce, “Wannan ai ta kogi ce, wa ya kawo muku?” Na ce, “Inna, ta tankin nan ce da kike wucewa kina toshe hanci.” Ta dube ni ta ce, “To Allah ya yi albarka, amma dai ka riƙa canza musu ruwa.”

Ita ɗin ce kuma ta sa na shiga bin diddigin abin da ke cikin naman, bayan likita ya ce jininta ya hau, ta rage jan nama da gishiri, ta ƙara kifi. Nan take 'yan uwa suka fara turo saƙonnin WhatsApp cewa tarwaɗa kitse ce zalla, tana toshe jijiya, wasu kuma suka ce karfasar kiwo ta fi ta illa. Ga yadda lissafin yake. A gram 100 na ɗanyen naman karfasa akwai furotin kusan gram 20, kitse kuwa bai cika gram 2 ba. A tarwaɗa furotin yakan kama daga gram 16 zuwa 18, kitsen kuma ya danganta da rayuwar da ta yi: ta kogi mai fafutukar neman abinci ba ta tara shi sosai, ta tanki da ake ɗura wa abinci safe da yamma tana iya ninka na karfasa sau uku ko fiye. Dukansu suna da bitamin B12 da sinadaran fosforas da seleniyam. Dukansu kuma suna cikin kifayen da hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta jera a sahun masu ƙarancin gubar mekuri, waɗanda mai ciki da ƙananan yara za su iya ci a kai a kai. Ko tarwaɗar da ta fi kowacce ƙiba ba ta kama ƙafar naman rago a kitse ba.

Jita-jitar tana da tushe. A 2008 wasu masu bincike a Jami'ar Wake Forest da ke Amurka sun auna kifayen kasuwannin can, suka ce karfasa da tarwaɗar kiwo ba su da man omega-3 mai yawa, wanda shi ne ake yabo saboda lafiyar zuciya, sai omega-6. Jaridu suka ɗauka suka ƙara gishiri, wasu masana abinci kuma suka fito suka ce an zuzuta. Ragowar wannan ƙura ce take yawo a wayoyinmu har yau. Gaskiyar da ke ciki ita ce, kifin da aka ciyar da masara da waken suya, man jikinsa zai yi kama da na masara da waken suya. Wanda kuma yake neman omega-3 da gaske, to ba ɗaya daga cikin biyun nan da zai ƙosar da shi. Sukumbiyar da muke rainawa, ta cikin kwali, ta fi su nesa ba kusa ba.

Abin da na lura da shi a kicin ya fi wannan duka muhimmanci. Bambancin kitse tsakanin kifayen biyu 'yan gram ne. Amma a jefa karfasa cikin kaskon mai ta sha ta ƙoshi, musamman man bakin titi da aka soya abu da shi jiya da shekaranjiya, to duk fifikon da take da shi ya tafi. A cika farfesun tarwaɗa da gishiri da dunƙulen magi, an mayar wa mai hawan jini magani cuta. Inna tana cin duka biyun yanzu, gasasshe ko dafaffe, da daddawa da kayan ƙamshi a madadin rabin gishirin.

Sai kuɗi. Ba zan kawo farashi ba, domin kafin wannan rubutu ya isa hannunka ya canza. Amma yadda ake ciniki bai canza ba. A bakin ruwa, a Haɗeja ko Nguru ko Yawuri ko gefen madatsar Tiga, ƙananan karfasa kashi-kashi ake kasa su, kuma su ne kifin talaka. A cikin birni labarin ya juya: babbar karfasa mai cika faranti takan fi tarwaɗa tsada a kilo. Sannan ba duk abin da sikeli ya nuna ake ci ba. Masana'antun da ke fere karfasa su cire tsoka zalla kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyinta suke samu. Mu a gida mun fi su ci, tunda har kai muke tsotsewa, amma ɓawo da ƙaya da fukafukai dai bola za su. Tarwaɗa ƙaton kai gare ta, sai dai kan nan shi ne rabin daɗin farfesu, kuma ba ta da ɓawon zubarwa. Idan baki goma za ka ciyar da kuɗi ƙayyadadde a Kano ko Kaduna, tarwaɗa ta fi auki.

Akwai wani dalilin fifikon tarwaɗa a birni da ya fi farashi ƙarfi, kuma shi ne a ganina ya mayar da Nijeriya ƙasar da ta fi kowacce a duniya kiwon tarwaɗar Afirka. Allah ya yi wa kifin nan wata gaɓa a cikin kai wadda take shaƙar iska da ita kai tsaye. Je ka wurin masu sayarwa ka gani: baho ɗaya, ruwa bai kai tsawon yatsa ba, tarwaɗa sun haɗu suna murɗe juna, gashin bakinsu na motsi, kuma haka za su kwana su wuni da ransu. Ka nuna wadda kake so, a buge mata kai, a karya ƙayoyin nan biyu na gefe masu huda hannu, a yanka a gabanka. Ba ruwanta da firji, ba ruwanta da ɗaukewar wuta. Karfasa kuwa da ta bar ruwa ba ta jimawa, daga nan kuma tsere ake da rana. In ba ƙanƙara, kamun safe kafin la'asar ya fara sauya wari. Shi ya sa masu ita suke karya farashi da yamma, kuma nan ne mai son araha yake faɗawa. Ni ba na sayen karfasa sai na duba idon ya yi garau bai shige ciki ba, na ɗaga murfin kunnen na ga ja ne ba ruwan toka ba, na danna tsokar ta dawo. Wani mai kifi ya taɓa ce mini, “Alhaji, kifi za ka saya ko awon asibiti za ka yi masa?” Na ce duka biyun. Araha ba ta ado.

Da na koma ɓangaren mai kiwo sai lissafin ya sake juyawa, kuma a nan ne ra'ayina na cewa gobenmu tana wajen karfasa ya ƙara ƙarfi. Tarwaɗa maciyiyar nama ce a ɗabi'arta. Tana son abinci mai furotin kashi 35 zuwa 45 cikin 100, wanda ke nufin garin kifi da waken suya masu yawa. In ta ji yunwa 'yar uwarta take ci. Duk wanda ya zuba 'ya'yan kifi bai riƙa rarrabe manya da ƙanana ba, zai wayi gari ya ga adadi ya ragu, wasu 'yan ƙalilan kuma sun yi ɓul-ɓul. Idan ta samu abinci yadda ya kamata, cikin wata huɗu zuwa shida takan kai kilo, abin da ke ruɗar sabon shiga ke nan. Amma abincin shi ke cinye kashi 60 zuwa 70 na duk jarin. Da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, aka kuma saki naira a watan Yuni, buhun abincin kifi ya yi tashin gwauron zabi, kuɗin tayar da janareta a jawo ruwan rijiyar burtsatse ma haka. Tankuna da yawa a unguwarmu sun bushe, wasu sun zama wurin ajiye tarkace.

Waɗanda suka ƙi bari wasunsu sun bi gajeriyar hanya: kayan cikin kaji daga mahauta, har da mushen kaji daga gidajen gona, a watsa ɗanye. Wasu kuma su zuba maganin kashe ƙwayoyin cuta a ruwa yau, jibi su kwashe kifin su kai kasuwa. Wannan shi ya ɓata wa tarwaɗa suna, ba halittarta ba. Malaman fiƙihu sun daɗe da tattauna hukuncin dabbar da ke cin ƙazanta, kuma ko da sun saɓa a kan hukuncin, ba wanda zai so a ɗora masa irin wannan a faranti. Tun daga lokacin nake tambayar mai sayarwa daga gonar wa kifin ya fito. Wanda ya san amsa ba ya jin haushin tambayar.

Karfasa ba ta da wannan tsadar baki. Ciyayin ruwa da gansakuka da ƙananan halittun da ke yawo a ruwa su ne asalin cimarta, kuma abinci mai furotin kashi 25 zuwa 30 ya ishe ta. A kududdufin ƙasa da aka zuba wa taki ruwan ya yi kore, rabin abincinta kyauta take samu. Matsalarta daban ce: haihuwa. Tarwaɗa ba ta hayayyafa a tanki da kanta, sai an yi wa macen allura an matse ƙwan, an yanka namijin an ɗebi maniyyinsa. Karfasa kuwa ba ta jiran kowa. A gonar wani abokina na ga an kamo wata 'yar ƙarama da ba ta fi tafin hannu ba, yana buɗe mata baki sai ga 'ya'ya suna zubowa a tafinsa, ƙanana kamar ƙwayar shinkafa, domin a baki uwar take renon ƙwanta har su ƙyanƙyashe. Abin sha'awa ne a ido, amma asara ce ga mai gona. Kududdufi ya cika da dubban 'yan mitsi-mitsi, abinci ya kasa isa, ba wadda za ta girma. Shi ya sa masu kiwon gaske maza zalla suke zubawa, kuma samun irin nan mai kyau a Arewa aiki ne. Ga shi tana son ruwa mai yalwa da iska, ba ta jure cunkoson tanki kamar tarwaɗa, kuma in hunturu ya kankama ruwa ya yi sanyi sai ta rage ci, girma ya tsaya.

To me ya sa duk da haka nake cewa gobenmu tana wajen karfasa? Alƙaluman da gwamnati ta saba ambatawa sun ce Nijeriya na buƙatar kifi kusan tan miliyan 3.6 a shekara, abin da muke samarwa kuwa bai wuce miliyan ɗaya da 'yan kai ba. Koguna ba za su cike wannan giɓi ba, su ma neman agaji suke. Kifin kogi a cikar ruwa yake hayayyafa, lokacin da damina ta malale fadama. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, cikar da ke isa fadamun Haɗeja da Nguru ba ta zuwa yadda ta saba, ciyawar kacalla kuma ta toshe hanyoyin ruwa. Karfasar da muke kamawa muna yara, a yau in aka samu irinta sai a kira mutane kallo. Masunta sun ƙanƙanta idon koma da taru, wasu har da gidan sauro suke tace ruwa, su kwashe uwa da 'ya'ya. Tafkin Chadi, wanda bandar Baga ke fitowa daga cikinsa ta ratsa har kudu, faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, amma a shekarun 1980 bai kai kashi ɗaya cikin goma na haka ba, ga rashin tsaro ya zo ya ɗora nasa. Ba wai ba mu san dabarar hutar da ruwa ba ne. A Argungu, inda ake bikin kamun kifi tun 1934, kogin Matan Fada a rufe yake sai Sarkin Ruwa ya ba da izini, shi ya sa ake fito da giwan ruwan da sai ƙarti sun taru su ɗaga. A sauran wurare ne aka bar ruwa ba mai tsawatarwa.

Tunda kiwo ne mafita, sai a tambayi wane kifi ne zai ciyar da jama'a ba tare da ya cinye wani kifin ba. Garin kifin da ke cikin abincin tarwaɗa ƙananan kifaye ne aka kamo aka niƙa, waɗanda mutum ma zai iya ci. Masar ta kama hanyar karfasa, tana samar da fiye da tan miliyan ɗaya a shekara, akasari daga kududdufan ƙasa a yankin da kogin Nilu ke shiga teku, har ta zama naman talakan ƙasar. Gana tana kiwonta a keji cikin tafkin Volta, ko da yake cutar da ta ɓarke a can a 2018 ta hallaka kifi mai yawa, ta kuma nuna abin da cunkoso da sakaci wajen shigo da iri suke jawowa. Mu ga Kainji, ga Tiga, ga Goronyo da Bakolori da Dadin Kowa, ruwa kwance. Wani sauƙin da muka samu shi ne kifayen biyu 'yan gida ne a kogunanmu. A Indiya sai da aka haramta kiwon tarwaɗar Afirka saboda yadda take tserewa ta cinye kifayen ƙasar. Mu ba mu da wannan fargaba.

Ban rushe tankina ba, kuma ba zan ce kowa ya rushe nasa ba. Mai ɗan fili a cikin gari tarwaɗa ce kawai za ta yi masa, kuma ruwan da yake canzawa in ya juya shi kan alayyafo da zogale maimakon kwatar unguwa, zai ga kore ko a tsakiyar rani. A kasuwar birni ma, in kuɗina kaɗan ne ko ban yarda da ƙanƙarar mai kifi ba, tarwaɗa mai rai nake nunawa. Amma ga mai hawan jini da mai son rage ƙiba, da kuma ƙasar da ke neman nama mai sauƙin kuɗi, karfasa ce ta ci. Abin da ya rage shi ne gwamnatocin jihohin da ke da madatsun ruwa su kafa wuraren ƙyanƙyasar irin karfasa maza, su ba matasan bakin ruwa keji da horo, su kuma mara wa sarakunan ruwa baya a hana kamu da gidan sauro. Kai kuma mai cefane, in ka ga an kasa karfasar da ba ta kai yatsu uku ba, wuce ta, ko nawa aka rage maka.